RTX 4080 da RTX 4080 Super: kar kalma ɗaya ta cinye maku jika 150



Makon da ya wuce, a filinmu na matasa da fasahar zamani, saura minti uku mu rufe, wani saurayi ya kira daga Damagaram. Sana'arsa montaj na bidiyon biki da suna, da dare kuma yana taɓa wasa a ordinater, wato kwamfuta. Ya ce yayansa da ke Faransa ya aiko mashi da kart grafik RTX 4080 tun 2023, kuma har yau bai taɓa ba shi matsala ba. To sai ga wani mai butik ya nuna mashi RTX 4080 Super a cikin kwali, ya ce mashi: kawo naka, ka cika jika 150, ka tafi da wannan. Kuɗin suna hannunsa. Ya daɗe yana tara su don ya sayi pano da bateri, saboda yankewar kuran na hana shi gama aikin mutane a kan lokaci. Tambayarsa ɗaya ce: in yi musayar ko in bari?

Lokaci ya ƙure mana, abin da muka iya ce mashi kawai shi ne ya dakata tukuna. Daga baya saƙonni suka yi ta shigowa, wasu na cewa mun hana yaro ci gaba, wasu na cewa su ma tambayar da ke ransu ke nan. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu rubuta amsar dalla-dalla.

Ga matsayinmu tun farko, kar mu ja ku da nisa. Duk wanda ke da RTX 4080 mai lafiya, bai da dalilin ƙara ko dala ɗaya don ya koma 4080 Super. Kart ɗaya ne aka ɗan taɓa, aka rage mashi farashi, aka ƙara mashi suna. Wanda ya amfana da fitowar Super shi ne wanda bai riga ya saya ba. Yanzu bari mu kawo hujjojinmu.

Da farko, don iyayenmu da ke bin wannan shafi ba su san abin da ake magana a kai ba. Kart grafik wani allo ne da ake sokawa a cikin kwamfutar tebur, aikinsa zana hoton da ke fitowa a ekran. In kana rubutu ko kallon bidiyo, aikin ba shi da nauyi. Amma a wasa, kowane motsi sai an sake zana hoton gaba ɗaya: ɗan wasa, ciyawar fili, inuwa, hasken fitila, ƴan kallo. Kart mai ƙarfi yana zana hoto 100 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya, mai rauni ya yi 25 yana tsattsayawa. Masu montaj da masu zanen gini su ma da shi suke aiki. A kwamfutar wasa, yawanci shi ne ya fi komai tsada, sau da yawa kuɗinsa ya kai na sauran kayan duka a haɗe.

Kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da RTX 4080 ranar 16 ga Nuwamba 2022, a kan dala 1,199. Dalar Amurka fa muke nufi, ba tamu ta kasuwa mai sefa biyar ba. In muka ɗauki dala a wajen sefa 600, jika 720 ke nan, tun kafin kuɗin jirgi, duwan da ribar ɗan kasuwa. Mutane sun yaba ƙarfinsa, amma sun yi tir da farashin, kuma suna da gaskiya. Wanda ya gabace shi, RTX 3080, ya fito a Satumba 2020 a kan dala 699. Wato cikin shekara biyu an ƙara dala 500 a kan kart mai matsayi ɗaya. Ko a Amurka da Turai, inda albashi ya ninka namu sau da yawa, masu saye da dama sun ja baya. Wata guda bayan haka, a Disamba 2022, abokin hamayyarsu AMD ya fito da RX 7900 XTX a kan dala 999, mai memuwar jiga 24, yana gogayya da 4080 a wasanni da yawa.

Ana cikin haka, ranar 8 ga Janairu 2024, a baje kolin CES na birnin Las Begas, Nvidia ta sanar da sababbin kart uku masu sunan Super. RTX 4080 Super ya shiga kasuwa ranar 31 ga Janairu, a kan dala 999. An sauke dala 200 ke nan, wajen jika 120, kusan kashi 17 cikin ɗari na farashin farko. Ku riƙe wannan adadi, don shi ne babban abin da ya sauya tsakanin kart ɗin biyu.

To a cikin kart ɗin me aka ƙara? Ƙwaƙwalwarsu ɗaya ce, guntun silikon da ake kira AD103, wanda kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙerawa. Ku ɗauke shi kamar gona da aka kira gayya. A cikinsa akwai ƙungiya 80 ta ma'aikata, kowace ƙungiya da ƙananan injinan lissafi 128, waɗanda Nvidia ke kira CUDA. A 4080 na farko an buɗe ƙungiya 76, an rufe huɗu, jimilla 9,728. A Super an buɗe duka 80, jimilla 10,240. An ƙara 512, kashi 5 cikin ɗari da ɗan ɗoriya. Rufe wasu sassa ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a: ba kowane guntu ke fitowa daga masana'anta lafiya lau ba, don haka ana kashe ɓangaren da ya samu tabo a sayar da sauran. Da aiki ya kankama, masu fitowa cikakku suka yi yawa, sai a sayar da su da sabon suna. Kuma tun da 80 ne iyakar guntun, ko Nvidia ta so ba ta da abin da za ta ƙara buɗewa.

Memuwar kuwa jiga 16 ce a duka biyun, iri ɗaya, GDDR6X, a kan hanya mai faɗi ɗaya, bit 256. An ɗan ƙara mata gudu, daga jiga 717 a daƙiƙa zuwa 736, ƙarin bai kai kashi 3 ba. Gudun ƙwaƙwalwar ya tashi daga megahaz 2,505 zuwa 2,550, bai kai kashi 2 ba. Wutar da aka ƙayyade masu ɗaya ce, wat 320. Duk dabarun da ake talla da su, irin su DLSS 3 da ke ƙirƙiro ƙarin hotuna tsakanin na ainihi, da lissafin haske da inuwa, da injin matse bidiyo na AV1 da masu montaj ke so, duk suna cikin tsohon kamar yadda suke cikin sabon. Samfurin da Nvidia ke ƙerawa da kanta ma girmansu ɗaya, tsawon santimita 30 da ɗan kai. Bambancin da ido ya fi saurin gani shi ne an shafa ma Super baƙin fenti.

Kuma kar ku ɗauka ƙarin ma'aikata kashi 5 na nufin ƙarin gudu kashi 5. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san haka. In ka ƙara mutum huɗu a kan 76, amma ruwan sha da fura da hauya ba su ƙaru ba, gonar ba za ta ƙare da wuri yadda kake zato ba. A nan ma wuta ɗaya ce, memuwar kusan ɗaya, don haka sababbin ma'aikatan jira suke yi. Masu gwajin kaya da suka auna kart ɗin biyu a wasanni da yawa bayan fitowarsa, sakamakonsu ya zo kusan ɗaya: tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari.

Mu mayar da shi abin da ake gani. Wasan da 4080 ke ba ka hoto 100 a daƙiƙa, Super zai ba ka 102, in an yi sa'a 103. A hoto 100, kowane hoto na ɗaukar kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa. A 102, yana ɗaukar 9.8. Wallahi in aka jera maku ekran biyu a fada, aka rufe kwalayen, aka ce ku nuna wanne ne Super, sai dai ku yi canki-canki. Wasan da ke wahalar da 4080, kamar Cyberpunk 2077 in an ƙure mashi lissafin haske a 4K, zai wahalar da Super daidai wa daida. Babu wasa ɗaya da za a ce wannan na iya ɗaukarsa, wancan ba ya iyawa. Haka a montaj: bidiyon bikin da ke ɗaukar minti 20 kafin ya fito, da Super zai ɗauki minti 19 da rabi ko makamancin haka, in ma kart ɗin ne ke riƙe aikin ba prosesar ko disk ba. Jika 150 don rabin minti, jama'a.

Wani zai ce: to ai Super an ce, kamfani kamar Nvidia zai sa suna haka kawai? A nan ne muke so ku lura sosai, don kalmar ba ta da awo. A wancan watan na Janairu 2024 kart uku aka fitar da wannan suna, kuma kowanne labarinsa daban. RTX 4070 Super ya tashi daga CUDA 5,888 zuwa 7,168, ƙarin sama da kashi 20, a kan farashi ɗaya da na farko, dala 599, kuma a wasa ya ba da wajen kashi 15. Wannan ƙari ne na gaske. RTX 4070 Ti Super ya tashi daga memuwar jiga 12 zuwa 16 a kan dala 799, abin da ke da amfani ga mai montaj da mai son kart ɗinsa ya daɗe. Shi kuwa 4080 Super, ƙarinsa a aljihu yake. Suna ɗaya, ma'ana uku.

Kuma ba yau aka fara wasa da suna ba. A Satumba 2022 Nvidia ta sanar da kart biyu, duka da sunan RTX 4080, ɗaya mai jiga 16, ɗaya mai jiga 12 a kan dala 899. Da mutane suka duba, sai suka ga na jiga 12 ɗin ƙwaƙwalwarsa ma daban ce, ƙarama, mai CUDA 7,680. Aka yi ta surutu har kamfanin ya janye shi a watan Oktoba tun bai shiga kasuwa ba. A Janairu 2023 ya dawo da sunan RTX 4070 Ti, a kan dala 799. Kart bai sauya ba, suna ya sauka, farashi ya sauka da dala 100. In masu kamfanin da kansu suna iya cire suna su liƙa wani cikin wata uku, mu me zai sa mu biya kuɗi don suna?

Kar a ce mun kushe Super. Kart ne mai kyau ƙwarai, kamar yadda 4080 yake mai kyau. A lokacin da ya fito, wanda ke riƙe da RTX 3080 ko wanda ya girme shi, yana son wasa a 4K, ya samu ƙarin gudu wajen rabi, ga memuwar jiga 16 maimakon 10, a farashin da ya fi na 2022 sauƙi. Wannan ciniki ne mai ma'ana. Yau ma, in ba ka da ko ɗaya, aka ajiye maka su biyu a farashi ɗaya, lafiyarsu ɗaya, ɗauki Super, ko ba komai ya fi ƙuruciya kuma zai fi saurin sayuwa in ka tashi rabuwa da shi. Amma in 4080 ya fi araha da abin da ya wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, to shi ne cinikin. A kan kart na jika 600, bambancin da ya dace bai wuce jika 20 zuwa 30 ba. Duk abin da ya haura haka, kuɗin fenti ne.

Sannan ku sani duka biyun an riga an wuce su. A ƙarshen Janairu 2025 RTX 5080 ya fito, shi ma a kan dala 999, da CUDA 10,752, memuwar jiga 16 sabuwar samfuri GDDR7, yana cin wat 360. Shi ɗin ma bai fi 4080 Super da abin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 ba a yawancin wasanni. Abin da wannan ke nufi gare mu biyu ne. Na ɗaya, Super ɗin da ake nuna ma ɗan'uwanmu a matsayin sabon yayi, tsohon kaya ne da ya kwana a sito ko ya fito daga hannun wani. Na biyu, in mai 4080 bai da ƙwaƙƙwaran dalilin komawa 5080, ina ga Super?

Yanzu mu dawo gida, don masu gwajin can a ɗaki mai sanyi suke aunawa, da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu nan lissafinmu daban ne.

Wuta tukuna. Ba mu manta da Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke kuran da take ba mu bayan takunkumin CEDEAO, takunkumin da ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairu 2024. Wato ranar da 4080 Super ya shiga kasuwa a Turai, mu nan muna ƙirga awowin da wuta ke zuwa. Kuma ko ba takunkumi, kowa ya san yadda watannin zafi suke. Kart mai wat 320, in ka haɗa da prosesar da ekran da sauran kaya, kana wajen wat 500 in wasa ya yi nauyi. Awa biyar a rana, kilowat-awa 2.5 ke nan, 75 a wata, ban da fanka ko kilim da za ka kunna don ɗakin ya zaunu. Nvidia da kanta ta ce a haɗa shi da alimantasiyon, wato akwatin wutar cikin kwamfuta, mai wat 750. Ƙaramin ondiler ɗin nan na 650 VA da ke cike da kasuwa, abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba. Ana ɗauke wuta kana tsakiyar wasa ko tsakiyar fitar da bidiyon amarya, zai yi ƙara ɗaya ya mutu tare da kwamfutar. Irin wannan na'ura tana son ondiler na wajen 1,500 VA, mai kyau. Mun sha ganin wanda ya zuba dukiya a kart, ya bar shi a kan alimantasiyon marar suna da waya ƴar jika ɗaya, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ya yi asarar duka.

Sai zafi da ƙura. Kart ɗin zamani yana daidaita gudunsa da zafin jikinsa: in ya ji sanyi ya ƙara, in ya ji zafi ya rage da kansa don kar ya lalace. A Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40 a Tawa da Birnin Konni, ɗaki mai rufin kwano ba kilim zai iya cinye megahaz 45 ɗin nan da Super ke taƙama da su. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙarafan sanyaya kart kamar an liƙa auduga. Mai 4080 da ke buɗe kwamfutarsa yana hure ƙura duk wata biyu, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya sa mata fanka masu kyau, zai iya wuce mai Super da ya bar tasa a ƙarƙashin tebur tun bara. Wannan gyaran kusan kyauta ne.

Sai ekran, kuma nan ne muka fi ganin kuɗi na zubewa. Da yawa cikin masu waɗannan manyan kart, a kan talabijin ko ekran na 1080 mai haz 60 suke wasa. Irin wannan ekran hoto 60 kawai yake iya nunawa a daƙiƙa. Ko kart ya zana 200, sittin za ka gani. An yi 4080 ne don 4K, mai ɗigon hoto sama da miliyan 8, ninki huɗu na 1080 mai miliyan 2. Sa shi a kan ƙaramin ekran kamar sayen tirela ne don kai buhu biyu kasuwar Kadro. Kuma mu faɗi gaskiya, me aka fi bugawa a garuruwanmu? Ƙwallo, EA Sports FC da eFootball, sai GTA V da ya fito a kwamfuta tun 2015, sai Call of Duty. Wasannin ƙwallon nan kart mai rabin kuɗin 4080 yana ɗaukarsu ba tare da ya yi gumi ba. A wasan intanet kuma, in layinka na jinkiri, harsashin abokin karawa zai riga naka ko da wane kart kake da shi. Wanda ya tashi daga ekran mai haz 60 ya koma na 1440 mai haz 144, a minti na farko zai ga bambanci da idonsa. Wanda ya tashi daga 4080 ya koma Super, sai ya buɗe manhajar awo kafin ya tabbatar an sauya mashi wani abu.

Akwai kuma haɗarin musayar kanta. Kart ɗin ɗan'uwanmu ya san tarihinsa: daga hannun yayansa ya fito, shekara da shekaru yana aiki a gabansa. Wanda za a ba shi fa? Kayan nan suna zuwa mana ta Dubai, ta Chaina, ta hannun ƴan'uwa a Turai, kuma tun da aka rufe iyakar Benin hanya ta ƙara tsawo da tsada. In ya lalace bayan wata biyu, garantin da ke rubuce a kwali ba a Damagaram ake cika shi ba. Ba mu ce mai butik macuci ne ba, shi ma sau da yawa bai san abin da aka saka mashi a kwali ba. An sha kama kart na RTX 4090 a kasuwannin duniya da aka cire masu ƙwaƙwalwa da memuwar, aka mayar da murfi aka sayar da gangar jiki. Bayar da abin da ka sani don karɓar abin da ba ka sani ba, har da cikon kuɗi, wannan cinikin biri a sama ne.

Ga wanda dole sai ya sayi ɗaya daga cikinsu a hannu, ga abin da muke ba da shawara. Kar ka biya sai an soka shi a kwamfuta a gabanka. A buɗe ƴar manhajar nan ta kyauta, GPU-Z, ka duba adadin injinan lissafi: 9,728 na nufin 4080, 10,240 na nufin Super, ko me aka rubuta a kwali. A kunna wasa mai nauyi na rabin awa aƙalla, kana kallon zafinsa, kana sauraren fankokinsa, kana duba ko hoto na yin ɗige-ɗige ko layi-layi. Ka zare wayar wutarsa mai baki 16 ka leƙa ciki da fitilar talho. A ƙarshen 2022 an samu irin wannan baki yana narkewa, akasari a kan 4090, kuma Nvidia ta ce yawanci rashin soka shi har ƙarshe ne ke jawowa. In ka ga baƙi ko alamar narkewa, ajiye. In ka kai gida, ka danna wayar har sai ta yi ƙas, kar ka lanƙwasa ta daf da bakin. Ka kuma auna akwatin kwamfutarka tun kafin ka fita, don mun san wanda ya kawo kart gida ya tarar ba ya shiga.

Wasu daga cikin waɗanda suka rubuto mana sun ce: kuɗinsa ne, shi ya nema, ina ruwanku? Gaskiya ne, kuma ba mu daga cikin masu ganin wasan kwamfuta a matsayin lalaci. Daga ɗakunan wasan nan aka samu yaran da yau su ke gyaran kwamfutocin ofisoshi, su ke montaj, su ke zane. Wanda ya yi gumi ya samu, yana da damar ya ji daɗin abinsa. Amma shi ya kira ya tambaye mu, kuma a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 42,000 a wata, jika 150 ya fi albashin wata uku da rabi. Farashin Super na can Amurka kawai ya haura albashin wata 14. In za a fitar da irin wannan kuɗi, ya kamata a ce ga abin da aka samu, wanda ido ya gani ko aiki ya shaida. Abin da muke ƙi shi ne a sayi abu don a ce a fada wane ya fi wane. Mun ga wannan ciwon a talho, inda ake sayar da na bara da asara don lamba ɗaya ta ƙaru a bayan murfi, ga shi yanzu ya shigo kwamfuta. Kamfanonin sun san halinmu sarai, shi ya sa kowace shekara da kalmar da za su liƙa: Super, Ti, Pro, Max, Ultra.

Hanyar kare kai ba ta da wuya. Duk lokacin da aka nuna maku sabon samfuri, ku yi tambaya uku. Kashi nawa ya fi nawa gudu a wasan da nake bugawa ko aikin da nake yi? Ekran ɗina da wutata za su bar ni in ga wannan ƙarin? Nawa zan cika, kuma me wannan kuɗin zai yi mani in na sa shi wani wuri? A ra'ayinmu, in ƙarin bai kai kashi 30 zuwa 40 ba, a bar kart inda yake. Yawanci wannan na nufin a tsallake zubi ɗaya, wani lokaci biyu.

Don haka ɗan'uwa na Damagaram, in kana karantawa, ga amsar da minti uku suka hana mu ba ka. Riƙe 4080 ɗinka. Hure mashi ƙura. Jika 150 ɗin nan ka kai su inda ka yi niyya tun farko, pano da bateri, ko ondiler mai ƙarfi in ba ka da shi. Abin da ke jinkirta maka aikin mutane awowin da kake zaune cikin duhu ne, kuma Super ba zai rage ko minti ɗaya daga cikinsu ba. In wani abu ya ragu, ka fara tara na ekran mai kyau. Ranar da ka ga 4080 a kan ekran da ya dace da shi, za ka san yayanka bai yi maka ƙaramar kyauta ba.

Masu butik da masu gyara da ke ganin mun yi kuskure a lissafi, layinmu a buɗe yake a fili na gaba. Ku zo da adadi, mu ma da adadi muka zo. Wanda kuma ya riga ya yi irin wannan musayar, ya kira ya faɗa mana tsakani da Allah ko ya ga bambanci.

Allah ya sa mu dace, ya sa albarka a abin da muke nema. Sai mun haɗu.